Yadda Ake Haɗa Keriyar Ƙarfe Mai Ƙwari a Bayan A-kori-kura

Sana'ata haɗa wutar sola da famfon rijiyar burtsatse, saboda haka kusan kullum bayan Hilux ɗina cike yake da faifan sola, tsani, fayif, batura da jarkoki. Keriyar farko da na sa aka yi min ba ta cika wata huɗu ba. Muna kan wata hanyar burji mai gargada, da faifai takwas a sama, sai yarona ya ce, "Oga, akwai abin da ke kuka a baya." Da muka tsaya na zagaya, sai na tarar ƙarfen keriyar lafiyarsa ƙalau, ko lanƙwasa bai yi ba. Leɓen bodin motar ne ya yage a gindin ƙafar gaba ta dama, fenti ya tsattsage, ƙafar tana lilo a cikin ramin da ta haƙa wa kanta. Mai waldar ya liƙa ƙafafun nan huɗu kai tsaye a kan leɓen, kowace ƙafa ta tsaya a wurin da bai fi faɗin akwatin ashana ba. A ranar sauke faifan muka yi a bakin hanya, muka yi sawu biyu.

Tun daga nan na gane cewa mutane kaurin ƙarfe suke kallo, alhali inda keriya ta zauna da irin nauyin da aka ɗora mata a sama su ne ke kashe ta. Masu waldarmu sun daɗe a wannan aiki, tun zamanin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Amma gwani ma abin da ka ce masa shi zai yi maka. In ka je da "a yi min mai ƙarfi" kawai, zai lafta maka ƙarfe mai nauyi ya karɓi kuɗinsa. Ga yadda nake bi yanzu, daga lissafi har zuwa ranar lodi.

Fara da lissafin abin da motar ke iya ɗauka

Keriya ba ta ƙara wa mota ƙarfi ko na kilo ɗaya. Wuri take ƙarawa, kuma nauyinta ma daga cikin rabon kaya ake cire shi. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, ko ka ɗaga bonet, za ka ga ɗan falle ko takarda da kamfani ya liƙa. A nan aka rubuta iyakar nauyin motar gaba ɗaya, ita da mai da mutane da kaya, galibi da haruffan GVM ko GVWR, sannan iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka daban-daban. In ka cire nauyin motar ba kaya daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne rabonka. A irin su Hilux, Isuzu D-Max da Mitsubishi L200, rabon yakan kama wajen tan ɗaya, wani samfurin ƙasa da haka.

Mu ce naka kilo 950 ne. Kai da mutum huɗu a ciki, kowa a kilo 70, an tafi da 350. Keriyar ƙarfe ta ci 60. Akwatin kayan aiki da jarkar mai sun ci 40. Saura 500, wato buhun siminti goma kacal. Da yawa ba sa yarda in an faɗa musu haka, domin sun saba ganin motar ta ɗauki ninkin wannan ta kuma tafi. Tana tafiya, gaskiya ne. Sifirin da shokazoba da birki da taya su ne ke biyan bashin a hankali, kuma ranar da za su ce sun gaji ba sa sanarwa.

Sai ka zauna ka rubuta abin da za ka riƙa ɗorawa a sama. Faifan sola mai wat 550 tsawonsa wajen mita 2.3 ne, faɗinsa mita 1.13, nauyinsa wajen kilo 28. Fayif ɗin roba yana kusan mita 6. Tsani, kwanon rufi, katako, tabarmi, katifu, duk kayan keriya ne: dogaye ko masu cin wuri, amma marasa nauyi sosai. Siminti, taki, buhun masara, batura, janareta da duk wani abu mai ruwa a ciki, wurinsu daɓen bodi, kusa da kan mota, wato ɗakin direba. Tankin ruwa mai lita 1,000 in ya cika tan ɗaya ne cif, ko a ƙasan ma ya cinye rabon motar duka. Rodi mai milimita 12 kuwa, sanda guda mai mita 12 ta haura kilo 10, ashirin kawai sun wuce kilo 200, ga santsi. In rodi ne sana'arka, babbar mota za ka nema.

Dalilin wannan rabo shi ne tsayi. Saman Hilux yana wajen mita 1.8 daga ƙasa, keriya kuma tana bisa haka. Duk kilon da ya hau can yana jan motar gefe a kwana, yana sa ta tangaɗi in ta faɗa rami da ƙafa ɗaya. Ni dai a keriyar da aka haɗa a gida ba na wuce kilo 200 a kan kwalta, in kuma hanyar ƙauye ce mai gargada, ina rage kusan rabi.

Saye ko haɗawa

Akwai keriyoyin kamfani, irin na Front Runner daga Afirka ta Kudu, Rhino-Rack daga Ostareliya, da Thule daga Suwidin. Yawancinsu na alminiyam ne, wanda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. In ka samu ta hannu ko sabuwa, ka nemi lambobi biyu a takardarta: nauyin da take ɗauka mota na tsaye, da wanda take ɗauka mota na tafiya. Na biyun ne naka, kuma shi ne ƙarami. Ka kuma tabbata an yi ta ne don samfurin motarka, domin faɗin bodi ya bambanta. Aibinta a wajenmu biyu ne: tsada, da kuma cewa in ta tsage a ƙauye ba kowane mai walda ke iya ɗinke alminiyam ba. Baƙin ƙarfe kuwa ko'ina ka tsaya akwai mai gyara shi. Shi ya sa mai aikin yau da kullum na fi ba shi shawarar ya haɗa.

Awo

Ka ajiye motar a daɓe mai daidai, ba kaya, tayoyi da iskarsu. Kada ka dogara da awon motar wani ko da iri ɗaya ce, domin bodin da ya sha lodi yakan buɗe baki. Hilux mai ƙofa huɗu tsawon bodinta wajen mita 1.5 ne, mai ƙofa biyu wajen mita 2.3, amma ka sa tef da hannunka. Auna tsawon leɓen kowane gefe. Auna faɗi daga leɓe zuwa leɓe a wuri uku: gaba, tsakiya, baya. Ɗora miƙaƙƙen katako a kan rufin kan mota ya leƙo baya, ka auna daga leɓen bodi zuwa katakon. A kan wannan tsayi ka ƙara santimita 6 zuwa 8, shi ne tsayin ƙafafun keriya.

Wannan tazarar ba ado ba ce. Kan mota da bodi ba haɗe suke ba, kowanne a kan shasi yake zaune daban, shasin kuma murɗewa yake in ƙafa ɗaya ta hau tudu. Tsaya a bayan a-kori-kura tana tsallake kwalbati a karkace, za ka ga kai ya karkata dama, bodi ya karkata hagu. Don haka doka ta farko: keriyar da ta zauna a bodi kada ta taɓa rufin kai, kada kuma a ɗaure ta da shi. Na ga inda aka sa wa keriya ƙafafu biyu a rufi don ta "ƙara ƙarfi". Rufin ya lotsa, ruwa ya riƙa zuba a kan kujerar baya da damina.

Zana abin a takarda ko da zanen ba kyau. Ƙafafun su ɗan rusuna ciki suna bin siffar kan mota, yadda saman zai tsaya a faɗin mita 1.2 zuwa 1.3. Faifan sola zai kwanta a ciki, keriyar ba za ta riƙa kama rassan itace da rumfunan kasuwa ba, kuma rusunawar kanta tana rage lilo.

Sayen ƙarfe

Kowa ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ya san fayif mai kusurwa huɗu iri-iri ne, kuma a ido duk ɗaya suke. Bambancin yana cikin kaurin bango. Wanda ake yin ƙofar gida da tagogi da shi, mai milimita 1 ko 1.2, ba shi da wuri a keriya: walda tana huda shi, noti yana matse shi ya lotsa. Ka tafi da ma'aunin kauri, ko ka ari na mai waldarka, ka auna a bakin fayif ɗin da aka yanke, ka kauce wa kaifin yankan domin yana ƙara kauri na ƙarya. In ba ma'auni, sikeli ma yana tona asiri. Fayif mai milimita 40 a 40 da kaurin 2 yana da nauyin wajen kilo 2.3 a kowace mita. Mai kaurin 3 wajen kilo 3.3. Mai kaurin 1.2 bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Ka auna tsawon sandar ma, domin wata mita 6 ce, wata ba ta kai ba.

Ga abin da nake saya wa mota mai ƙofa huɗu. Ƙafafu huɗu: 40 a 40, kaurin 3. Dogayen sanduna biyu na sama da sandunan gicciye huɗu: 40 a 40, kaurin 2. Shimfiɗar gindi: angil, wato ƙarfe mai siffar L, mai 50 a 50, kaurin 5, tsawon leɓen bodi duka, gefe biyu. Sai fallen ƙarfe mai kaurin 4 ko 5 don madogaran kusurwa da farantan ƙarƙashi, da ɗan rodi mai santsi na milimita 10 don ƙugiyoyin ɗauri, da raga mai ƙwari. Duka in an haɗa yana tashi kilo 55 zuwa 60. In mai walda ya kawo maka tsarin da ya haura kilo 100, ka tambaye shi wane aiki ƙarin yake yi.

In ka samu fayif mai faɗi da siriri, irin 50 a 25, don gicciye, a tsayar da shi a kan siririn gefensa. Ka gwada da rula ta makaranta: a kwance tana lanƙwasa da yatsa ɗaya, a tsaye a gefenta ba ta motsi. Haka ƙarfe yake.

Notuna kuma kada ka bari a ɗebo maka na cikin tire. Ka nemi mai kaurin milimita 10, wanda galibi sifana 17 ke kamawa, ka duba kansa ka ga an buga 8.8. Wanda kansa ba rubutu, ƙarfe ne mai laushi, yana miƙewa ya saki. Ka haɗa da wosha mai faɗi da noti mai zoben roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi.

Gindi, inda aikin yake

A nan nake so ka fi tsayawa a kan mai walda. Ƙarfen leɓen bodi siriri ne, wajen milimita ɗaya. An naɗe shi ne ya yi ƙwari a tsawonsa, ba a yi shi don a caka masa nauyi a wuri ɗaya ba. Raƙumi yana taka yashi ba ya nutsewa saboda faɗin tafinsa, to haka ake yi wa keriya.

A kifa angil ɗin nan a kan leɓe daga gaba har baya, gefe ɗaya ya kwanta a sama, ɗayan ya sauka ta ciki. Ƙafafun keriya a kan angil za a yi musu walda, ba a jikin mota ba. Shi kuma angil ɗin a ɗaure shi da noti, aƙalla huɗu a kowane gefe, biyu daga ciki dab da gindin ƙafafu. A ƙarƙashin leɓen, inda noti ya ɓullo, a sa farantin ƙarfe mai faɗin da wurin zai iya ɗauka, yadda leɓen zai zama an matse shi tsakanin ƙarfe biyu masu kauri. Wosha kaɗai ba ta isa ba, da ita ake yage bodi. Tsakanin angil da fentin mota a shimfiɗa roba, tsohon tub na babbar mota da aka yanka a tsaye yana yi sarai. Tana hana gogayya, tana hana ƙara, tana rage tsatsa.

In kana da niyyar ɗaukar abin da ya kusa iyaka kullum, to a ƙara mataki ɗaya: a sauko da ƙafafun gaba har daɓen bodi, su tsaya a kan faranti mai faɗin tafin hannu, a ɗaure shi da noti kusa da inda ginshiƙan ƙarƙashin bodi suke. Leƙa ƙarƙashin motar za ka gan su a gicciye. Ta haka nauyi zai bi ta ƙashi ya sauka, ba ta fata ba.

Kafin a huda ko'ina, a leƙa abin da ke baya. Tankin mai da bututun zuba mai suna ƙarƙashin bodi ta gefe ɗaya, wayoyin fitilun baya suna bin cikin bango. Kowane rami da aka huda a goge bakinsa, a shafa masa fenti kafin noti ya shiga, in ba haka ba daga nan tsatsa za ta fara.

Shasi kuwa a bar shi yadda kamfani ya yi shi. Kada a yi masa walda, kada a huda leɓunansa na sama da ƙasa. Zafin walda yana canza ƙarfen, kuma a gefen ɗinkin ne tsaga ke farawa. Akwai mai waldar da ya ce min, "Alhaji, in na liƙa maka ita a shasi har ka sayar da motar ba za ta motsa ba." Na ce masa, "Malam, motsin nan shi nake so ka bar mata."

Haɗawa da walda

A yanka komai bisa awo, a goge bakin kowane yanka da inda walda za ta bi har sai farin ƙarfe ya fito. Walda ba ta kama mai, fenti ko tsatsa da kyau. A fara ɗaure angil biyun a kan motar da notunansu, a tsayar da ƙafafu, a ɗiɗɗiga musu walda kaɗan-kaɗan don su tsaya kawai. Kafin wannan ɗigon a cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin keriyar dab da inda ake aiki, don kada wuta ta bi ta wayoyin mota ta ƙona ƙwaƙwalwarta. A rufe gilashin baya da kwali ko jiƙaƙƙen buhu, domin tartsatsin walda da na injin gurza yana nutsewa a gilashi ba ya fita. Bakin tanki ma a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Da an ɗiga gicciye da sandunan sama, a tsaya a duba daidaito. Auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan ɗaya gicciyen. In awon biyu ya zo ɗaya, firam ɗin ya daidaita. In ya bambanta, yanzu ne lokacin gyara da ɗan bugun guduma. Daga nan a kwance notuna, a sauke keriyar ƙasa, a yi cikakkiyar walda nesa da mota.

Kusurwa huɗu ba ta tsayuwa da kanta, turawa kaɗan take so ta kwanta. Kusurwa uku ce ba ta motsi. Saboda haka duk inda ƙafa ta haɗu da sandar sama ko ta gicciye, a sa madogari: ko fallen ƙarfe mai kusurwa uku wanda kowane gefensa ya kai santimita 10 zuwa 12, ko guntun fayif a karkace. A sa ta fuska biyu, na hana lilo gefe da gefe, da na hana sunkuyawa gaba in an taka birki. Na biyun shi aka fi mantawa. In sandunan sama za su leƙa bisa kan mota don dogayen kaya, ni ba na barin leƙen ya wuce mita ɗaya, kuma sandar ta zama guda ce tun daga baya, ba a yi mata gami a kan ƙafar gaba ba.

Tsakanin ƙafafun gaba biyu a sa raga ko sanduna a tsaye. Wannan ne katangar da ke tsakanin kaya da ƙeyar mutanen da ke zaune a kujerar baya. A bar wa direba wurin gani ta madubi, a kuma bar fitilar birki ta sama a fili in motar tana da ita. A can ƙarshen gaba na keriyar a tayar da ɗan shinge mai tsayin santimita 10 zuwa 15, gefuna ma haka, don kaya su sami abin tokara. Gicciyen ƙarshe na baya kuwa a yi shi na noti, mai cirewa. Ranar da za ka ɗauki firji ko tanki ba ruwa za ka gode wa wannan dabara. Ƙugiyoyin ɗauri a jera su a ƙafafu da sandunan gefe, kowace da walda ta zagaye gindinta.

Sandar walda geji 12 ta dace da fayif mai kaurin 2, geji 10 kuma ga angil da faranti. A riƙa yin ɗinkin ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, domin in aka gama gefe ɗaya duka zafi zai ja firam ɗin ya murɗe. In wuta ta yi rauni ko janareta yana shaƙewa, a dakata. Waldar da aka yi da raunanniyar wuta tana taruwa a sama curi-curi ba ta narke ta shiga ƙarfen ba, kuma ita ce ke ɓallewa da bugu ɗaya.

Ka ce sai ka ga aikin kafin a yi fenti. A kankare ɓawon walda, ka bi kowane gami da ido: ɗinki ya zagaye fuska huɗu, ba ramuka, ba inda aka ƙone gefen fayif ya zama kwari. Kada a gurje ɗinkin ya baje don kyau, ƙarfinsa ake gurjewa. Kada kuma a shafe shi da fila, kwaɓin nan da ake cike lotsar mota da shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, mai waldar da ya ƙi a ga aikinsa tsirara akwai abin da yake rufewa.

Wata magana a gefe, don yaran shago nake yinta. Baƙin tabarau ba ya tare hasken walda, garkuwar fuska ce ke tarewa, kuma kwanan da yaro ke yi yana hawaye kamar an zuba masa yashi a ido ƙuna ce ta gaske. In kuma farin fayif mai rufin zinki ake wa walda, farin hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki. Shan madara ba ya kare mutum daga gare shi. A gurje rufin daga wurin ɗinki, a yi aikin a sarari inda iska ke kaɗawa.

Fenti da ɗorawa

A huda ɗan rami mai milimita 6 a gindin kowace ƙafa don ruwan da ya shiga ya fita, a toshe bakunan fayif na sama da murfin roba ko falle. Buɗaɗɗen baki yana tara ruwa, yana kuma busa kamar sarewa a kan hanya. A wanke ƙarfen da tina, a shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu, a bari ya bushe sosai, sannan fentin mai. Mutum huɗu su ɗaga ta su ɗora. A sa duk notuna a sake tukuna, sai kowa ya shiga raminsa a bi su ana ɗaurewa. In akwai sifana mai auna ƙarfin ɗauri, noti 8.8 mai milimita 10 yana son wajen 45 zuwa 50 a ma'aunin Nm da ke jikin sifanar.

Gwaji da lodi

Kada kayan mutane su zama gwajinka na farko. Jarka mai lita 25 in ta cika ruwa kilo 25 ce da ɗoriya, takwas sun ba ka 200. Jera su a kan katako a bisa keriyar, ka ɗaure, ka ja zare daga wannan ƙarshen gicciye zuwa wancan ka ga ko tsakiya ta sauka. In ta ɗan sauka ta kuma dawo bayan an sauke, ba laifi. In ta zauna a lanƙwashe, gicciyen ya yi kaɗan. Ka zaga da motar a fili a hankali, ka taka birki, ka sha kwana, ka hau tudu da ƙafa ɗaya, wani yana tsaye yana kallon tazarar da ke tsakanin keriya da rufi. Bayan haka ka bi gindin ƙafafu da yatsa. Fentin da ya tsage kamar gashi a gefen walda ko a leɓen bodi, alama ce wurin yana aiki fiye da ƙarfinsa.

A wajen ɗauri, ƙa'idar da ake bi a Turai ta ce kaya su iya jure turawar da ta kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu zuwa gaba, da kashi 50 zuwa gefe da baya. Wato kayan kilo 200 in an taka birki da ƙarfi suna tunkuɗa gaba da abin da ya kai kilo 160. Igiyar roba ta tsohon tub ba ta riƙe wannan, miƙewa take. Ka sayi bel mai ƙugiya da marikin matsewa, aƙalla biyu a kan kowane kaya, ka karanta ƙarfinsa a ɗan ƙyallen da ke jikinsa. Dogayen kaya a tura su su tokari shingen gaba, a ɗaure su dami guda kafin a ɗaure damin a keriya, domin fayif na tsakiya shi ke zamewa. Faifan sola a sa kwali ko soso tsakaninsu, bel ya bi ta kan firam, a matse daidai ba har gilashi ya yi ƙara ba. Tsawon Hilux wajen mita 5.3 ne, saboda haka fayif mai mita 6 dole ya leƙo. A ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa, da dare a sa abin da ke ƙyalli. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, da 'yan KAROTA a Kano suna tare mota kan lodin da ya wuce kima ko ya leƙo ba alama, kuma a wannan suna da gaskiya, mai babur da ke binka a baya ba ya ganin bakin fayif sai ya zo kansa.

Ka ƙara wa tayoyin baya iska zuwa adadin lodi da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Ka auna sabon tsayin motar da kaya a kai, ka rubuta a takarda ka liƙa kusa da sitiyari, saboda ƙofar gareji, rumfar gidan mai da wayoyin wuta da suka sauko a unguwanni. A kwana ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka kuma ba motar gabanka tazara fiye da yadda ka saba.

Bayan tafiyar farko ta kilomita 50 zuwa 100, ka sake bin notunan da sifana, domin robar da ke ƙarƙashin angil takan kwanta su ɗan saki. Daga nan sau ɗaya a wata, da kuma duk ranar da ka dawo daga hanyar gargada. In ka ga jan ƙura kamar garin barkono a kewayen wani noti, wurin yana motsi yana cin kansa. Ka kwance shi, ka duba farantin ƙarƙashi da bakin ramin, ka sa sabon noti, domin mai zoben roba in an kwance shi sau biyu ko uku riƙonsa ya ragu.